Rogon 'Yar Hanoi

Shekara talatin da biyar Thoa ta yi a Berlin tana kiran kanta 'yar Hanoi, babban birnin ƙasarsu Vietnam. Ba a can aka haife ta ba. Sau ɗaya ma ta taɓa taka birnin, ranar da za ta hau jirgi zuwa aikin masaƙa a Jamus ta Gabas. Amma tun a masaƙar ta gyara harshe, ta koyi riƙe kofin shayi da yatsa biyu, ta ƙera wa kanta uba malamin makaranta da gidan bene a bakin tafki. Matan ƙasarsu na kasuwar Lichtenberg har tambayarta suke yi yadda ake yanka albasa a gidajen manya. Wannan girman shi ne abin da ta mallaka a duniya, kuma tana tsaronsa fiye da haƙoran bakinta.

'Yarta Diem ce ta jawo mata. Da ta karɓi shagon abincin uwar, sai ta kwashe kujerun kirki ta zuba 'yan kujerun roba na tsuguno, ta biya aka kankare fentin bango don wurin ya yi kama da tsohon lungu. Jamusawa kuwa suka yi ta tururuwa, gwiwa a haɓa, suna gumi suna godiya. Sannan ta ɗauko mai girki, wani Jonas, wanda ya yi mako uku a Vietnam ya dawo da gemu da sani.

"Mama, kin san shinkafa da rogo?" in ji Diem. "Duk garin nan ba mai yin ta. Mu za mu fara."

Thoa ta yatsine fuska. "Rogo? Na dai ji ana ba aladu a ƙauye."

Ranar Asabar da rana aka yi bikin fito da sabon girkin. Diem ta gayyato 'yan jarida da masu ɗaukar hoton abinci kafin su ci, ta kuma gayyato ƙawayen uwarta. A cikinsu akwai Hanh, wadda ita da gaske a Hanoi aka yanke mata cibiya, ta kuma daɗe tana jiran ranar da harshen Thoa zai yi tuntuɓe.

Aka kawo faranti. Shinkafa ce fara tas an dafa ta da madarar kwakwa, da 'yan gutsattsarin rogo uku a kai kamar an yi musu gayya, ga jatan lande, ga wani fure ja da aka ce shi ma ci ake yi. Jonas ya tsaya ya dafa ƙirji.

"Wannan abincin manoma ne," ya ce. "Mutane masu sauƙin rayuwa. Ba su da komai, amma suna ci a bakin gona suna dariya. Sun fi mu farin ciki."

Thoa ta haɗiye maganar farko. Ta biyun ce ta ƙi haɗiyuwa. Ta miƙe, muryar da ta fito kuwa ba ta Hanoi ba ce, ta can tsakiyar ƙasa ce, mai nauyi, wadda ta binne tun tana budurwa.

"Dariyar uban wa? Kai, wa ya ce maka haka ake yin ta? Rogo goma, ƙwayar shinkafa ɗaya a manne a jikinsa, ita ce shinkafa da rogo! Kwakwa? Gishiri ma sai ranar sa'a! Kuma rogon mai ɗaci ne, sai an ɓare an jiƙa shi kwana biyu a rafi. Wanda yunwa ta hana shi jira, ya tafi. Ƙanena shekararsa shida, ya ɗauko a ruwa ya ci ɗanye, kafin rana ta faɗi mun haƙa masa rami a bayan gona. Ka zo ka sa masa fure!"

Diem ta fassara wa baƙi a hankali. Sai wani mai tabarau ya fara tafi, sauran suka kama, wata har da share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya.

Hanh ta ajiye kofinta a natse. "Yaya Thoa, ashe gidan benen har da gonar rogo? A hawa na nawa take?"

Matan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya. Thoa ta san kafin shaguna su rufe labarin ya gama zaga kasuwa. Ta shige ɗakin girki ta zauna a kan buhun shinkafa, kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Diem ta biyo ta, ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Mama, me ya sa ba ki taɓa gaya min ba? Yaya sunansa?"

"Luc," in ji Thoa. Shekara hamsin rabon da sunan ya fita daga bakinta. Ta yi kuka sosai, ta ji wani nauyi ya sauka. Ta ce a ranta Hanoi ta tafi, amma ta samu 'ya.

Ranar Litinin da ta iso shago ta tarar da layi har bakin titi, da sabon allo a ƙofa, an rubuta da alli: Shinkafar Luc. Rogo goma, shinkafa ɗaya. A tambayi Mama labarin.

Wata mata da ke gaban layi ta yi mata murmushi. "Ke ce Maman? Ƙarfe nawa kike ba da labarin?"