Kuɗin Lauyan Mai Walda

Tartsatsin mai walda ne ya ƙone min katako. Da idona na gani. Shagonsa na manne da nawa, falle ɗaya na kwano ya raba mu. Na ce ya biya, ya ce in kai shi duk inda zan kai shi. Na kai shi kotu.

Lauyansa, wani siriri mai tabarau, ya tambayi shekaruna. Na faɗa. Sai ya nuna kalanda a bango.

"Baba, karanta mana abin da ke sama."

Aji biyu na yi a makaranta. Ga 'yata a bayana, ga surukina, ga rabin mutanen layinmu. Na dubi kalandar na ce, "Ba na hangowa sosai."

Ya juya wajen alƙali har da murmushi. "Ranka ya daɗe, wanda bai ga bango ba, shi zai ga tartsatsi?"

Shi ke nan, aka kayar da ni. Alƙali ya ce kuɗin kotu a kaina, kuɗin lauyan mai walda ma a kaina, cikin kwana talatin.

Na tare nawa lauyan a bakin ƙofa.

"Ni na ɗauke shi aiki? Ya mai da ni makaho a gaban jama'a, kuma in biya shi ladan zagi?"

"Yana cikin takardar da ka sa wa hannu, Baba. Na rubuta maka cewa in an kayar da kai, hakan na iya faruwa."

Na juya na koma shago.

Abu ɗaya ne a shagona ya kai kuɗin nan: injin tsaga katako. Shekara ashirin da shida ina ciyar da gida da shi.

Saura kwana uku, 'yata ta kawo min abinci shago, sai ga mai walda ya tsaya a ƙofa yana goge hannu da tsumma.

"Maƙwabci, kar ka sayar da inji. Ni zan biya lauyana. Ka dai faɗa a gaban mutanen layi cewa ba ka ga komai ba."

'Yata ta ce, "Baba, don Allah ka faɗa. Ai kowa ya ji idon naka ya yi rauni, ba abin kunya ba ne."

Daga ƙuryar shago na dube shi.

"Kai, maɓallin rigarka na uku da baƙin zare aka ɗinke shi. Sauran da fari."

Ya sunkuya ya duba. Bai ɗago da wuri ba.

Na ce wa 'yata, "Idona ƙalau. Karatu ne ban iya ba. Ƙarya ɗaya na yi, ta cinye min inji. Ba zan yi ta biyu ba. Miƙo min sifana."

Da hannuna na kwance injin. Ban bar kowa ya taya ni ba.