Takardar Lujain Mai Gida-Gida

Ina gyaran ɗakin 'yata Lujain na tsinci wata takarda cikin littafinta. An zana ta gida-gida, sha biyu a tsaye, sha biyu a kwance, kowane gida da lambarsa, daga sifili zuwa sha ɗaya. Ni da na tashi a unguwar Misfala ta ƙasa mai tsarki, wa zai koya min kamannin hatimi?

Na ninke takardar na kai wa Malam Awwal, ɗalibin ilimi Bakano da ke haya a gidanmu. Ya haɗa lambobin layin farko, ya haɗa na biyu, ya bi ta tsaye. Ko'ina sittin da shida. Ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, wa ke zuwa wurinta?"

Bayan la'asar na tsare Lujain a gabansa. Ta kwashe da dariya, dariyar da ta ƙara min zargi. Wai darasin kiɗa ne take bi a waya. Wai bayan yaƙin duniya na farko wasu masu tsara kiɗa a Turai suka ba sautuka sha biyu lambobi, ba a maimaita ɗaya sai sauran sun wuce.

Na ce, "To kunna mu ji."

Ta kunna. Fiyano ne, amma sai ka ce kyanwa ta faɗa cikin kwanuka. Malam Awwal ya nemi tsari ya fice.

Lujain ta kira ni yadda 'yan nan ke kiran uwa, "Yumma, yanzu kin yarda?"

Na tura takardar cikin jakata. "Da ma hatimin ne, Lujain. Shi na san yadda ake karya shi."