Famfo Mai Lita Dubu Shida

"Wannan ne famfon?" in ji Kwana-kwana, yana jujjuya abin a tafin hannunsa. "Ai ko sabulun wanka ya fi shi girma."

Mai shagon kifin ado ya ajiye 'yar komar da ke hannunsa. Tun safe yake fama da dattijon nan, wanda ya yi shekara talatin yana kashe gobara har sunan aikin ya bi shi gida bayan ritaya.

"Baba, mu sake bi a hankali. Tankinka na gilashi lita ɗari biyu ne. Ruwa yana gangarowa ta bututu zuwa ƙaramin tankin tacewa da ke cikin kabad, famfo ya mayar da shi sama. Ya zagaya sau biyar a awa ya isa, lita dubu ke nan. Wannan dubu da ɗari biyar aka rubuta masa, amma hawan da zai yi zai cinye ragowar."

"Sai ya hau yana haki?"

"Sai ya hau daidai. Bututunka na sauka inci ɗaya ne, abin da ya fi maƙogwaronsa ba zai haɗiye ba."

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake aika ruwa hawa na bakwai. Ban taɓa ganin wanda ya yi kuka don famfo ya yi ƙarfi ba." Ya nuna wani ƙaton kwali. "Wancan fa?"

"Dubu shida. Na tafkin lambu ne. Baba, kifin nan fa ba ya ci da wuta."

Kwana-kwana ya rungumi kwalin ya fita.

A cikin bas ya ɗora shi kan cinya, yana tuna sharaɗin matarsa. Shekara biyu yana lallashi kafin ta yarda tankin ya shigo falo, shi ma da alkawari: ranar da ruwa ya taɓa kafet, tanki da kifi su bar gidan. Kafet ɗin kyautar Yaya ce, yayarsa da ta raine shi, wadda in ta zo sai ta duba kafet kafin ta tambayi lafiyar kowa. Kifin kuwa guda ɗaya ne, ja mai tumbi, sunansa Kwamanda. Shi kaɗai ne a gidan ke sauraron labarin gobara har ƙarshe.

Ya tarar matar ta tafi kasuwa. Ya durƙusa gaban kabad, ya ɗaure bututu da ƙwarewar da ba ta tsufa ba, ya kunna.

Famfon ya yi gurnani. Ruwa ya feso cikin tanki, tsakuwa ta tashi, ciyawar roba ta kwanta. Kwamanda ya shiga wulwulawa kamar safa a injin wanki. Kwana-kwana ya ji wani daɗi ya taso masa, irin na da, na daƙiƙa goma. Sai ya lura ruwan yana hawa. Bututun sauka yana ta ƙwarewa, ruwa ya wuce shi, ya kai baki, ya zubo ta kowane gefe. Makunnin yana can bayan kabad. Kafin ya cusa hannu ya lalubo shi, ruwa bokiti guda ya sauka kan kafet.

Ya yi da tawul, ya yi da fanka. Ruwa ya tafi, amma jan kafet ɗin ya narke ya shiga fararen furanninta, faɗin faranti uku. Ya dubi tabon, ya dubi doguwar kujera. Ya ja ta taku biyu, ta rufe komai tsaf.

Ya zauna a kai. Wa aka cuta? Kafet ba ta san an ɓata ta ba. Matarsa in ba ta sani ba ba za ta ji ciwo ba. Kwamanda kuma bai sayi famfo ba, don me za a kore shi? Hujja uku, kowacce da ƙafarta. Sai dai wata mata ta faɗo masa a rai, wadda suka kashe wa wutar kicin shekarun baya. Labule ɗaya wutar ta ci, ruwansu ya ci sauran gidan. Ta tsaya cikin ruwa har idon sawu tana yi musu godiya tana kuka. A lokacin ya ɗauka kukan murna ne.

Kwamanda ya manne da gilashi, baki na buɗewa yana rufewa.

"Kai ma kada ka sa mini baki," in ji shi. Ya tashi ya mayar da kujerar wurinta.

Da matar ta shigo ta same shi tsaye kan tabon, hannu a baya.

"Maman yara, na karya alkawari. Gobe zan nemi mai karɓar tanki."

Ta sauke jaka. Ta daɗe tana kallon kafet. Ta dubi ƙaton kwalin, ta leƙa tanki.

"Sannu, Kwamanda. Ka ga jiri yau." Ta juyo. "Baban yara, shekara tara ina share wannan abu mai kama da hanta. Ko ruwan shayi ban bari ya ɗiga ba, don kada a ce matar ƙani ba ta san darajar kyauta ba. Yau ga shi ƙanin da kansa."

"To tankin..."

"Tanki na nan. Ka mayar wa mai shago wannan dodon, ka karɓo wanda ya ce maka tun farko."

"Wa ya gaya miki ya ce wani abu?"

"Shekara nawa ina aurenka?" Ta zaro waya daga jaka, ta latsa, ta miƙa masa. "Ga Yaya. Da bakinka za ka gaya mata."

Ya taɓa shiga bene yana ci da wuta ba tare da ya waiwaya ba. Yanzu wayar tana ƙara a hannunsa, sau ɗaya, sau biyu. Matarsa ta riga ta kama gefen kafet ta fara naɗewa, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

"Ɗan auta?" in ji muryar Yaya. "Lafiya dai? Yaya kafet?"