Wuta a Gindin Gawo

Akwatin ƙarfe, bargo, fitila, goron Inna, da garmar shanu guda da buro, ofishin aikin gona, ya ba ni in gwada wa mutanen garinmu. Da su na sauka daga kamyo, babbar motar kaya, a Gazawa, na samu mai raƙumi zuwa Gangara. Shekarar da aka sauke tutar Faransa ce. Na daɗe a lakol a Bamako, ina koyon noma a kan allo.

Dajin da na sani babu shi. Da can a hanyar nan sai mutum ya yi ta sunkuyawa saboda ƙaya. Yanzu gonakin gyaɗa ne har inda ido ya tsaya, an cire amfani, ƙasa ta yi fari fat. Mai raƙumin ya ce itacen girki ma sai mata sun yini suna nema.

Kafin mu shiga gari na hango hayaƙi a gonarmu. Na sauka. Yayana Ishaku, wanda ke riƙe da gandu tun rasuwar Baba, yana tura kara a wutar da ya hura a gindin gawo. Gawo biyu sun riga sun faɗi. Sauran suna tsaye da ganyensu na rani.

"Mushe ya iso!" in ji shi, yana tsokanata da kiran da ake yi wa ƴan boko da Faransanci. "Dubi wuya kamar na zalɓe. Ba a cin tuwo ne can?"

"Yaya, me kake yi?"

"Hanya nake gyara wa ƙarfen noman da aka ce ka zo da shi. An ce sai a miƙe yake tafiya, kuma ba ya son saiwa."

Gaskiya ne. Haka aka koya mana.

A bakin gona Gidaɗo makiyayi yana tsaye, sanda a kafaɗa, shanu a bayansa. Tun zamanin ubansa garkensu a gonarmu yake rani. Shanu su ci ƴaƴan gawo, su kwana a ƙarƙashi, su bar taki, Baba ya ba da damin hatsi. Inda suka kwana, gero yakan wuce kan mutum.

"Amadu, ka zama babba," ya ce mini. "Na zo wurin kwana, na tarar da wuta. Burtali ma gyaɗa ta cinye shi. Ishaku, ina zan kai su? Bisa kanka?"

"Sake su, Gidaɗo. Su ma sun samu ƴancin kai."

Gidaɗo bai yi dariya ba. "In itacen nan sun tafi, ni ma na tafi. Ba fushi ba ne. Saniya ba ta cin toka."

Na duƙa na ɗebi ƙasa a fili, ta zurare ta tsakanin yatsuna. Ta ƙarƙashin gawon baƙa ce, tana manne wa hannu. Na sa ƙafa na watsa karan, na tura rairayi a kan garwashin.

"Kai!" Ishaku ya ce. "Kowa ya sare nasa. Mu kaɗai za mu zauna da itace kamar birai? Na gaya wa mutane gobe su zo kallon garma."

Na gaji da tafiya, kuma na san gobe zai sake hura wutar in ban hana shi dalili ba.

Da la'asar na ja garmar zuwa tsohon ɗakin Baba. Tana da nauyi. Ba wanda ya kama mini. Ishaku ya tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Buro fa? Me za ka gaya musu?"

"Abin da na gani."

"Za su karɓe aikin."

"Su karɓe."

Na jawo ƙyauren, na ɗaure shi da igiya.

"Yaya, ko ta bi tsakanin itacen a karkace, ko ta yi tsatsa a nan. Ba za a ƙara ƙone gawo saboda ita ba."