Kaskon Tsamiyar Ƙofar Gidanmu

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya dire ni a tsakiyar faɗa, ban ma san inda aka faro ba.

"Wallahi ba za ki dasa ta yadda kika ga dama ba, Tabawa!"

"Zan dasa, Barmani. Tsamiyar gidanku ce?"

Barmani ƙawata ce tun muna 'yan mata, ita ke ginin tukwane a ƙauyenmu. Ta rasu da daɗewa, amma ga ta tsaye da laka har gwiwar hannu, ta ma ƙara ƙiba. Na so in tambaye ta me ake ci a can, sai na ga ba lokacinsa ba ne.

Abin da muke faɗa a kai yana hannuna. Tsamiyar ƙofar gidanmu ce, wadda ƙato ba ya iya rungume ta, ta dawo ba ta fi ludayi tsawo ba, a cikin wani tsohon kasko. Ban yi mamaki ba. Tun da maigidana Malam ya rasu ɗan nan nawa ya kwaso ni ya ajiye a saman bene a Abuja nake ganin irin wannan. Matarsa Zinatu tana da wani wadan itace a kan tebur, wai bonsai, aikin mutanen Japan. Takan zare shi daga kasko, ta bi saiwar da almakashi kamar mai yi wa jariri aski, ta mayar da shi wani kaskon. Itace ya tsufa an hana shi girma. Ni dai ban ce komai ba. Matar benen ƙasa kawai na faɗa wa.

Sai dai tsamiyata ce ta ƙanƙance, inuwarta tana nan da faɗinta, duk inda na juya tana biye da ni, kuma da mutane a ciki. Mata na sussuka. Kaji na tono. Malam na zaune a kan buzunsa yana tufkar igiyar guga, bai ɗago ba. Tsohon kaskon ya tsage, saiwa ta leƙo ta ko'ina, ganye na zuba. Duk ganyen da ya faɗi sai inuwar ta ja baya, mutum ɗaya ya ɓace. Ladidi mai ƙosai ta tafi tana tsakiyar ba ni labarin wa ya saki wa.

Sai ga mu a kasuwa.

A kasuwar nan tukwane ne ke yawo, mutane na jere a ƙasa ana ƙwanƙwasa musu kai. Wata randa ta ƙwanƙwasa nawa ta ce, "Wannan tana yoyo." Na harare ta na wuce.

Na zaɓi tukunya yadda uwata ta koya mini: a ɗaga ta a rana a leƙa, a buga ta da zobe, in ta amsa da ƙara garau to lafiyayya ce. Na samu wata ja mai zurfi, ko hujin allura babu. Barmani ta miƙo mini wani kasko mai faɗi marar zurfi, da huji a gindinsa har yatsa na shiga.

"Ga nata nan."

"Mai huji? Ni Tabawa in ɗauki hujajjen kasko in ratsa kasuwa? Me za a ce?"

"Ai ke ce mai cewar. In kin yi shiru ba mai cewa."

"Ba na so."

"Ke, itace za ki dasa, ba kunu za ki dama ba. Ruwan da ya shiga dole ya sami hanyar fita."

Na nuna mata Malam da haɓa. "In ruwa ya fita, shi ma fita zai yi."

Na juye tsamiyar cikin jar tukunyata. Saiwar duka na cusa, ko sili ban yarda an yanke ba. Na zuba ƙasa na danne. Rijiyar garin a sama take, sai na cilla guga na jawo ƙasa, na ba ta ruwa har ya cika.

Ruwan ya kwanta. Ganye ya koma ruwan ɗorawa. Can sai na ga ruwa na tasowa cikin inuwar, ya ci turmi, ya ci kaji, ya taɓo bakin buzun Malam. Sai a lokacin ya ɗago.

"Uwar yara, sanyi nake ji."

Muryar nan, da ɗan kakin nan nata na safiya. Na manta haka take.

"Malam, in na bari aka huda, tafiya za ka yi."

"To dā zama nake?" Ya koma kan igiyarsa.

Na miƙa wa Barmani tukunyar ban kalle ta ba.

Ta zare tsamiyar, ta tsefe saiwar da tsinke, ta yanke waɗanda suka ruɓe. Ta bar ɗan curin tsohuwar ƙasa a gindi, ta ce wannan ba a wankewa, ta gida ce. Sai ta kamo wata doguwar saiwa da ta bi ƙasa ta tafi ba a ganin ƙarshenta. Na riƙe mata hannu.

"Wannan har ƙauye ta kai."

"Na sani. Kaskon ba zai ɗauke ta ba."

Ta datse. A diddigena na ji.

Ta zaunar da ita a kasko mai huji, ta zuba sabuwar ƙasa mai yashi, ta yayyafa ruwa. Ruwan ya bi ta hujin ya fita, da shi da Malam a kan buzunsa kamar mai kwalekwale. Da ya zo daidai bakin hujin ya waiwayo.

"Ki rage gulma."

"To, Malam."

Tsamiyar ta fid da sabon ganye. Inuwar ta dawo da faɗinta, da sanyinta, ba kowa a ciki sai igiyar guga da bai gama ba.

Na juya kan Barmani, don dole in juya kan wani.

"Kin ji daɗi? Dama tun muna 'yan mata kike son sa, kowa ya sani."

"Wa ya gaya wa kowan in ba ke ba!"

Ta goge hannu a zanenta, ta nufi wata ƙofa da ke tsaye ita kaɗai a fili, ba bango ba ɗaki. Na ce, "Tsaya mana, ba ki gaya mini me ake ci a can ba." Ta fita ta buga ta garam!

Na buɗe ido. Zinatu ce ta buga ƙofa za ta wurin aiki. Rana ta shigo falo ta taga, wadan itacen nan na kan tebur, inuwarsa ba ta fi faifai ba. Na jawo kujera na sa hannuna a ciki.