Sunan da ke Bayan Gicciye

Na haifi 'yata ranar da muke yi wa idon ruwan ƙauyenmu ado da furanni, shi ya sa na ce sunanta Xana, sunan aljanar da ake cewa tana taje gashinta a wurin. Fada ya ƙi. Ya ce babu waliyyiya mai wannan suna, ya yi mata baftisma da Juana. Ni ban taɓa kiranta da shi ba.

Surukata Delfina, uwar mijina, tun ranar take mita. Wai duk sanda na leƙa ƙofa na kira Xana, ta cikin ruwan ce ke juyowa.

Yarinyar ta shekara biyu ba ta magana, ga rama. Delfina ta ce musanye aka yi mana: aljanar ta ɗauke tamu ta ajiye tata. Ta jera ɓawon ƙwai a bakin murhu, wai 'yar aljana in ta gani, mamaki zai sa ta yi maganar tsofaffi. Xana ta murƙushe ɗaya ta yi dariya. Na ce, "Inna, ga tsohuwar taki ta ba ki amsa."

Wata safiya muka hau tudu yankan ciyawa, ni da mijina Xuacu, na bar mata yarinyar. Yayyafi ya koro mu da rana tsaka. Gida ba kowa. A bakin idon ruwa na same ta kwance kan dutse, jiƙe sharkaf, tun safe ba a ba ta ko madara ba, wai don uwarta ta ruwa ta ji kuka ta fito ta maido tamu. Delfina tana laɓe bayan shinge tana jira.

Da na sunkuci yarinyar, sai Delfina ta ce, "Ke 'yar nan, kin yi gaggawa. Saura kaɗan ta fito."

Sanyin ya shiga ƙirjinta. Kwana shida Xana ta yi, ta rasu.

Na roƙi Xuacu ya sassaƙa Xana a gicciyen kabarinta. Ya ce Inna ta tsufa, alheri ta nufa, kada mu ƙara mata. Ya sassaƙa Juana. Bayan mako na je da ƙusa na karce sunanta a bayan katakon, rubutuna a karkace.

Duk shekara mata na zuwa neman furannin lambuna don idon ruwa. Ba na bayarwa. Maƙabarta nake kai su, in zaga ta baya in ajiye.