Kaset ɗin Giwar Ƙarfe

Tun da ƙafafun Bakri suka kumbura ya daina saukowa daga bene, abu guda ya rage yana nema, wato ya sake jin kaset ɗinsu na farko. 'Yarsa Eman ta duba intanet, ta zaga wajen masu tsofaffin kaya, ba ta sami wanda ya taɓa jin sunan ƙungiyar kiɗansu, Giwar Ƙarfe, ba. Sai ta kira Harun.

Harun ne mai gangar ƙungiyar. Ya zo Alƙahira daga Yelwa yana saurayi don karatun addini, karatun ya ƙi shiga, ya faɗa hannun Bakri, Bahaushen Sudan mai murya kamar ana yaga buhu, da wasu Misirawa biyu masu jitar lantarki. Kiɗan rok suke yi, mai nauyin nan da ke sa gilashin taga rawa. Albam ɗaya suka fitar, Misirawan suka tafi Kuwait neman aiki, shi ke nan. Harun ya koma tuƙi a wani ofishi a Dokki har idanunsa suka gaza.

"Ammu Harun, Baba ya ce akwai ɗaya a wajenka," in ji Eman, tana kiransa baffa da Larabci.

"Akwai," ya ce. Sai da ya ajiye waya ya tuna cewa lokacin da ya tashi daga Hay el-Sabi' ya bar kwalin kaset-kaset ɗinsa a gidan ɗalibai 'yan gida, da niyyar zai koma ya ɗauka.

A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, gwiwoyinsa a matse, waƙoƙin suka riƙa zuwa masa a jere. Ta farko kan kada ne da ya hau taragu bai sami wurin zama ba. Ta biyu kan wani mai sayar da inuwa. Akwai ta zazzaɓi, wadda Bakri ke rerawa a hankali kamar mai neman ruwa. Ta ƙarshe doguwa ce, labarin jaki da ya tsaya a tsakiyar gada ya ƙi gaba ya ƙi baya. Harun ya ga yana tuna sunayen, amma kiɗan ya ƙi tsayawa a kansa.

Imrana ne ya buɗe masa ƙofa, ɗalibin da ya fi kowa daɗewa a gidan, har gemunsa ya fara fari.

"Baba Harun, kai ne da ranar nan? Ko karatun za ka dawo?"

"In ka gama naka sai in fara. Sauko min da kwalin can."

Kaset ɗin na nan, da takardarsa, da giwar da Bakri ya zana da hannunsa. Imrana ya juya ta sama da ƙasa ya ce shi ɓera yake gani. Harun bai yi dariya ba, don ya riga ya ga ramukan saman kaset ɗin an cusa musu takarda. Ya san ma'anar wannan. A zamanin da, duk kaset ɗin da ɗalibi ya tsinta a gida toshe ramukansa yake yi, ya tafi da shi darasi ya naɗi muryar malami a kai.

Imrana ya lalubo tsohuwar rikoda. Ta yi shuu, sai ga muryar wani shaihi yana bayanin rabon gado, yana tari, fanka na kaɗawa a bayansa.

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba," in ji Imrana. "Wataƙila sun ga gara kaset ɗin ya tuba."

Harun ya danna ya tsayar da kaset ɗin. Daga baya ya ari rikodar, ya sa a leda, ya kama hanyar gidan Bakri a Mohandessin, don ya gaji da yawa ba zai iya ƙirƙiro ƙarya ba.

Ya tarar da Bakri a jingine, an tara masa matasan kai. Ya gaya masa komai a tsaye.

"Ya zol, mutumina, zauna," in ji Bakri. "Saka mu ji."

"Gado ne fa. Kason kaka da na 'yan'uwan uwa."

"Saka. Ai ya kusa yi wa Eman amfani."

Eman ta harare shi, ta danna. Shaihi ya raba gida, ya raba gona, ya raba raƙuma. Suka juya kaset. La'asar ta shigo ta taga, Bakri ya fara gyangyaɗi, Harun na kallon kumburarrun ƙafafun yana tunanin ko jakin nan ya taɓa sauka daga gadar, don ya manta yadda suka ƙare waƙar.

Shaihi ya yi addu'ar tashi. Aka ji ɗalibai na neman takalma, aka ji ƙas. Sai ganga ta faɗo cikin ɗakin, jita na kuka a kanta, da muryar wani saurayi yana yi wa jaki tsawa da dukan ƙirjinsa. Darasin ya ƙare kafin zaren ya ƙare. Eman ta dafe bakinta. Ba a jima ba rikodar ta tsaya da kanta.

Bakri bai buɗe ido ba.

"Gangarka ta yi sauri a nan," ya ce.

"Kai ne ka makara," in ji Harun.

"Ƙarya kake, tsoho. Eman, mayar baya."

Ta mayar, hannunta ya zarce, shaihi ya dawo yana kan kason 'yar ɗa. Ta kai yatsa za ta tura gaba, Bakri ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Bar shi ya gama. Muna nan a bayansa."